Idon Hatimi

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da kike ɗauke da shi. Takardarki ta iso ni ta hannun direba, kuma hankalina ya kwanta da na ji kumburin ƙafar ya sauka. Likita ya ce kada ki yi tafiya, to kada ki yi. Kin kuma ce in riƙa ɗaga waya. Auta, in ɗaga in ji me? Kunnen nan ya yi ritaya ya bar ni a bakin aiki. Takarda ta fi mini, ita ba sai na ce "na'am?" sau biyar ba.

Ga abin da ake ciki. Kin san tun da hannuna ya fara rawa na ajiye wuƙar sassaƙa, injin nan da kika haɗa mini da kwamfutar tebur shi ke yanka mini hatimi a jikin roba da siririyar wuta. Shekara da shekaru muna zaman lafiya da su. To yanzu masu kawo aiki sun sake hali. Da can suna ne da lamba a cikin da'ira, shi ke nan. Yanzu kowa sai ya zo da tambari mai ganye da tsuntsu da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. In na ba kwamfutar irin wannan, sai ta kai tsakiyar aiki ta tsaya tana tunani. Ita tana tunani, wutar injin tana tsaye wuri ɗaya tana cin roba. Makon jiya hatimi huɗu na zubar, shagon ya turnuƙe har tela maƙwabcina ya shigo da bokitin ruwa.

Na kira mai gyara. Ya ce in sayi sabuwa. Da na nuna masa faffaɗar wayar injin, sai ya sosa ƙeya ya ce sababbin ba su da bakin da za ta shiga, manhajar injin ma ba ta zama a kansu. Wato in na sake kwamfuta sai na sake inji, in na sake inji kuwa sai na sake kai, ni kuma wannan kan kaɗai gare ni.

Aka yi rashin sa'a ranar hayaƙin nan yayanki ya zo. Ya tarar da ni ina tari, idanuna suna ruwa. Bai yi faɗa ba, kin san shi, ya dai sha mur ya buɗe tagogi. Washegari ya aiko cewa ya yi wa ɗakin baƙi na gidansa fenti, kuma ya yi magana da tela, wanda dama ya daɗe yana son ya fasa bangon ya faɗaɗa shagonsa. Ƙarshen wata suka tsayar.

Ba na jin haushinsa. Tun rasuwar ummanku yake tsoron wata rana a buga ƙofa a ji shiru. Amma in na rufe shagon nan, me zan tashi in yi da safe? Ke kika san cikin kwamfutar nan. In da dabara ki faɗa mini, in babu ki faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Ki gaida surukina. Allah ya sauke ki lafiya.

Mahaifinki.

*

Babana na kaina,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da tari. Na karanta takardarka sau biyu, na farko da hawaye, na biyu da sukudireba a hannu. Kwantar da hankalinka, akwai dabara. Tana cikin ƙaramin kwalin da direba zai miƙa maka, kuma don Allah kada ka girgiza shi don ka ji me ke ciki.

Abin da ke tsayawa yana tunani a kwamfutarka shi ne ƙwaƙwalwarta, mu a wurin aiki firosesa muke ce mata. Taka ta tsufa, kuma tun daga kamfani aka sa mata takunkumi, ba ta wuce gudun da aka rubuta mata. Ka tuna laftof ɗin surukinka da kofin shayi ya kashe? Shekara biyu tana kan durowa yana cewa zai gyara. Jiya na farke ta yana tsaye yana salati, na ciro ƙwaƙwalwarta lafiya ƙalau. Na duba littafin babban allon da ke cikin kwamfutarka, wato bod, wanda na ajiye tun ranar da na haɗa maka ita. Ƙafafun sabuwar ƙwaƙwalwar da na tsohuwar iri ɗaya ne, za ta zauna daram a gurbin tsohuwar.

Kyawunta biyu. Da batir aka yi ta ta rayu, don haka wuta kaɗan take ci, ba ta saurin zafi. Sannan ita ba takunkumi a bakinta. A cikin laftof a matse take ba iska, shi ya sa ake lallaɓa ta. In ta samu babban gida irin naka da ƙatuwar fanka, za mu iya tura ta ta wuce gudun da aka rubuta mata, ta gama tunanin tsuntsu da ganye kafin wutar injin ta gaji da jira.

Ga yadda za ka yi. Cire waya daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai. Ɓalle fanka da ƙarfen sanyaya da ke ƙarƙashinta. Ɗaga ɗan hannun da ke gefen gurbin, tsohuwar za ta fito da kanta. Sabuwar tana da alama a kusurwa ɗaya, ka daidaita ta da ta gurbin ka sake ta, ita za ta faɗa. In ba ta faɗa ba kada ka danna, ba hatimi ba ce. Man toka-tokan da ke cikin sirinji, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar shinkafa, ba irin shafin da kake yi wa gwiwarka da man zafi ba. Wurin mayar da ƙarfen sanyaya ka yi a hankali ƙwarai, bayanta tsirara yake kamar gilashi, in ƙarfen ya karkace zai ɓantare ta.

Saura abu ɗaya. Kusa da gurbin akwai wasu 'yan makunnai biyar a jere, su ke faɗa wa ƙwaƙwalwa gudun da za ta yi. Lambobinsu sun yi ƙanana, kada ka wahalar da idonka. Na zana maka su a ƙasa a cikin akwati, wanne sama wanne ƙasa. Ka tsaya fanka tana hagunka, ka bi zanen da tsinken ashana. Wannan gudun lallaɓawa ne, na gwaji. In ta tashi za ta rubuta wai ba ta san wannan ƙwaƙwalwar ba. Kada gabanka ya faɗi, baƙuwa ce, za su saba.

Kada ka gaya wa Yaya tukuna. Sai ta tashi mu ba shi mamaki.

Taka mai ƙaunarka,
Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi. Kwali ya iso, ban girgiza ba.

Na yi aikin da hantsi, na jawo teburin bakin ƙofa inda haske ya fi. Na wanke hannu, na sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Hannun ya yi rawa, amma na tallafe shi da na hagu kamar yadda nake yi in zan zuba tawada. Ƙwaƙwalwar ta faɗa gurbinta da kanta yadda kika ce, har na yi murmushi ni kaɗai. Man ma ƙwayar shinkafa na ɗiga, kuma ba doguwar shinkafa ba. Na mayar da ƙarfe da fanka. Na manna zanenki a jikin akwatin, na bi makunnan ɗaya bayan ɗaya, na duba sau uku.

Na kunna. Fanka ta juya, ɗan koren haske ya kama, sikirin kuwa, wato fuskar kwamfutar, baƙi ƙirin. Na jira har ruwan shayina ya huce. Na kashe na sake kunnawa, haka. Na ce to bari in koma gidan jiya, na cire sabuwar na mayar da tsohuwar. Auta, ita ma ta ƙi tashi. Na so in mayar da makunnan yadda na same su, sai na ga ban riƙe yadda suke ba. Na sake sa sabuwar na rufe akwatin.

Da can gurguwa ce amma tana tafiya, yanzu da hannuna na kwantar da ita. Mutum uku sun zo karɓar aiki na ba su haƙuri. Mai kantin magani ya ce zai jira, sauran biyun sun karɓi takardunsu sun yi gaba.

Kada ki ɗora wa kanki. Ina jin hannun ne ya karkata ƙarfen ban sani ba, in ma ta yi ƙara wurin ɓantarewa, wa zai ji? Don ki tabbata ban yi kuskure a makunnan ba, na zauna gaban bod ɗin na kwafo miki su yadda suke a yanzu. Ga zanen nan a ƙasa.

Na aika wa yayanki cewa ya zo ranar Asabar da kwalaye. Ya yi gaskiya, ni ne na yi taurin kai. Ki ci abinci, ki huta, kada wannan ya hana ki barci.

Mahaifinki.

*

Yaya,

Ina wuni, ya aiki, ya Anti da yara? Ina gaishe su.

Na san Baba ya gaya maka kwamfutar ta mutu, amma na san bai gaya maka ni na kashe ta ba. Ni na aika masa da ƙwaƙwalwar laftof ya sa a ciki, ni na ce a ɓoye maka. Ka yi haƙuri. Na ɗauki mutum mai shekara saba'in da rawar hannu na ba shi aikin da ni kaina sai na riƙe numfashi nake yi, daga nesa, a takarda. Ko cewa ya rubuta yadda makunnan suke kafin ya taɓa ban yi ba, abin da nake fara koya wa duk wanda ya zo koyon aiki wurinmu.

Na sa rai a makunnan ya yi kuskure, don wannan gyaran minti ɗaya ne. Na ajiye zanen da ya aiko kusa da kwafin nawa, na duba har idona ya yi zafi. Iri ɗaya ne sak. To in makunnai daidai suke kuma tsohuwar ma ta ƙi tashi, bod ɗin ne ya tafi, irinsa kuwa an daina yi tun ina makaranta.

Na sallama, Yaya. Ka je ka ɗauko shi. Roƙona ɗaya, kada ka bar shi ya haɗa kayan da kansa, kuma wuƙaƙen sassaƙar nan da ke cikin gwangwani a tafi da su, ko ba zai ƙara taɓa su ba. In ka buɗe akwatin kwamfutar ka ciro mini ƙwaƙwalwar ka ba direba, ina son in ga inda ta fashe.

Tun jiya nake kuka, maigidan yana cewa cikin ne. Ba cikin ba ne.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Kowa lafiya, Anti tana gaishe ki. Share hawayenki ki zauna da kyau kafin ki karanta, kada ki zabura ki haihu a kan takardata.

Ta tashi. Kwamfutar Baba ta tashi, da ƙwaƙwalwarki a ciki. Ba abin da ya fashe.

Yanzu bari in faɗa miki yadda aka yi, har da wurin da ba na son faɗa.

Ranar Asabar na je da kwalaye. Baba ya ƙi shiga, ya zauna kan benci a waje yana kallon titi. Na buɗe akwatin don in ciro miki abinki, sai ga zanenki manne a gefe. Kin san ni da kwamfuta sai dai gaisuwa, amma ƙirga biyar ba zai gagare ni ba. Na tsaya fanka tana haguna, na haska tocila. A takardarki, daga hagu: sama, sama, ƙasa, sama, ƙasa. A jikin bod: ƙasa, sama, ƙasa, sama, sama. Na ƙirga da yatsa sau huɗu. A juye suke, Auta, kamar an kalle su a madubi.

Nan take na gane. Shekara arba'in duk wanda ya miƙa wa Baba zane a takarda, a juye yake sauke shi kan roba, don in an buga ya fito daidai. Ke kuma kika zana masa abin a cikin akwati tsaf kamar samfurin hatimi. Hannunsa ya yi abin da ya saba bai ko tambaye shi ba. Da ya zo kwafo miki daga bod zuwa takarda, ya sake juyawa, ya fito daidai da naki. Ku biyun kuna ta duba takarda da takarda, ba wanda ya duba takarda da bod.

Kin tuna muna yara, yakan miƙo roba ya ce a karanta? Ke kina shekara shida kike zubo shi kamar ruwa. Ni ina sha biyu sai na kai gaban madubi. Ya riƙa cewa, "Wannan ba shi da idon hatimi." Da wasa yake faɗa, na sani, amma ta zauna mini. Ita ta sa na daina zuwa shagon.

To ga wurin da ba na son faɗa. Na ga kuskuren, na mayar da murfin akwatin ban gaya wa Baba ba. Na ɗauki kwalin kayan sawarsa da gwangwanin wuƙaƙen na sa a mota, na ce Baba mu tafi, sauran sai wani makon. A raina na ce Allah ne ya kawo mini sauƙi, ba faɗa ba jayayya, ba sauran hayaƙi a ƙirjinsa.

Ya ga ɗakin ya ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya ci abinci, ya yi wasa da yara. Washegari da safe na fito, na tarar da shi a tsakar gida kan kujerar roba, ya yi wanka, ya sa rigar aikinsa, tabarau a aljihu, biro a maƙale. Hannuwansa na kan gwiwa suna rawa, ba abin riƙewa. Na ce, "Baba, ina za ka?" Ya ce, "Ba ko'ina, na dai shirya ne." Litinin ma haka. Anti ta dube ni ta ce, "Kai lafiyarka kuwa? Tun Asabar ko loma uku ba ka yi." Na ɗauki makullin mota na ce Baba ya zo ya raka ni shago, na manta abu.

Da tsinken ashana na gyara su, bai kai minti ɗaya ba. Na kunna, ta yi ƙara ɗit. Ni na ji, shi bai ji ba, yana can yana kaɗe ƙura daga kan kantar shagon. Na kamo hannunsa na juyo shi. Rubutu ya cika sikirin. Ya matso da tabarau biyu ya karanta, sai ya ce, "Ta ce ba ta san ta ba! Haka Auta ta ce za ta ce!" Ya zauna kan kujera ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Da na nuna masa takardar da makunnan, ya daɗe yana kallo, sannan ya duba hannunsa ya ce, "Kai ne, ko?"

Ni dai wallahi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na faɗa wa tela an janye maganar bango, ya ce dama shi ma bai san da wa zai riƙa faɗa ba in Baba ya tafi.

Baba bai san na gani tun Asabar ba. Yana zaton ranar Litinin na lura. Don Allah ki bar shi a haka.

Yanzu me ya rage? Ya ce kin ce wannan gudun gwaji ne. Ki aiko da bayani, amma da kalmomi, kada ki ƙara zana wa mutumin nan komai.

Yayanki.

*

Yayana,

Ina gaisuwa, gaisuwa irin ta wadda aka tsamo daga rijiya. Ban haihu a kan takardarka ba, amma na yi dariya har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko lokaci ne ya yi. Na yi kuka kuma, wannan karon maigidan bai ce cikin ne ba, don shi ma na ga yana goge ido da karanta wurin kujerar roba.

Na buɗe littafin bod na duba me makunnan suke nufi a yadda Baba ya juya su. Yaya, kusan ninki biyu na gudunta ya nema! Shi ya sa duk biyun suka ƙi buɗe ido. Ka gaya masa duk masu wannan harka ba wanda ya taɓa kai shi zalama. Ni kuma da nake taƙama da idon hatimi, idon ne ya rufe ni, don ko a juye aka nuna mini abu daidai nake ganinsa.

Maganar Asabar, bakina a rufe. Amma ka daina cin kanka. Kwana biyu ka riƙe, ni da na ɓoye maka tun farko fa? Kuma tsoronka gaskiya ne, hayaƙin nan ba wasa ba ne. Ka sa masa fankar bango mai fitar da iska a tagar bayan injin. Wannan sharaɗinka ne, ina bayanka.

Ga matakan a takarda ta biyu, da kalmomi, hagu da dama a rubuce, kuma kai kaɗai za ka taɓa makunnan. Ku hau mataki ɗaya, ku ba ta tambari mafi wuya a kan robar da aka zubar, ku bar ta ta yi awa guda. Sannan ka sa bayan yatsanka a ƙarfen sanyaya. In za ka iya ƙirga goma ba ka janye ba, ku ƙara mataki. Ranar da ta daskare ko ta kashe kanta, ku sauko mataki ɗaya ku tsaya nan. An rubuta mata gudun dubu ɗaya da ɗari takwas, ina sa ran za ta ba mu dubu biyu da ɗari biyu ba tare da ta yi gumi ba. Baba zai ce a ƙara. Kada ka saurare shi, shi ma ai ba ya sauraron kowa.

A gaida Anti, a ce na gode da ta iya tambaya.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana jira.

Mun hau mataki huɗu cikin kwana uku. A na biyar ta daskare, muka sauko. Tana kan dubu biyu da ɗari uku, ƙarfen ɗumi kawai yake yi, na ƙirga har ashirin. Kamar yadda kika ce, Baba ya so a sake gwada na biyar, wai wataƙila ranar ba ta jin daɗi ne. Na sa tsinken ashanar a aljihu na tafi da shi.

Hatimin mai kantin magani shi muka fara yankawa, mai maciji da kofi da rubutu layi uku. Injin ya bi ta kansa bai tsaya ko sau ɗaya ba. Baba ya buga a takarda, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya miƙo mini ya ce in duba ko akwai kuskure. Ni, Auta. Na duba, babu.

An sa fankar taga. Kayansa sun koma, amma ya yarda zai riƙa kwana wurinmu Asabar da Lahadi, don kada fentin ya tafi a banza.

Yayanki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, shago yana lafiya, baƙuwar taki ta saba da gida. Har yau in an kunna tana cewa ba a san ta ba, amma aikinta take yi. Allah ya yi miki albarka, ya sauke ki lafiya.

Akwai abin da yayanki yake zaton ban sani ba. Ranar Asabar ɗin nan ina kan benci, amma gilashin kantar shagon yana nuna mini ciki. Na ga ya ƙirga da yatsa sau huɗu, na ga ya rufe akwatin bai ciro abin da kika aike shi ba. Ban san me ya gani ba, na dai san ya ga wani abu. Ban tambaye shi ba, na bar shi ya kawo da ƙafarsa, kuma ya kawo. Kada ki gaya masa.

Shekara talatin ina tsokanarsa da rashin ido, ban san tana yi masa ciwo ba sai da na ga yadda ya karɓi takardar hatimin mai kantin magani da hannu biyu. Na yanka masa hatimi nasa na kansa, yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Duk aikin da zai fita ranar Asabar sai ya duba ya buga. Na ba shi wannan takardar a ninke na ce ya buga a bayanta, bai karanta ba. Ki juya ki ga bugunsa.

Mahaifinki.

NA DUBA, DAIDAI NE.